Amsa ga ɗan'uwan da ya sayi kayak a Swansea yana son fita kamun kifi ko teku ta rikice

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na karanta tambayarka har sau biyu. Ka ce kai haifaffen Yauri ne, a bakin kogi ka tashi, tun kana ɗan shekara bakwai kake iyo kana tuƙa kwalekwale, yanzu aiki ya kawo ka Swansea a Wales ta Birtaniya, ka samu kayak, wato ɗan ƙaramin kwalekwalen roba, na hannu mai sauƙin kuɗi a Facebook, amma hutunka kwana ɗaya ne a sati kuma sau da yawa sai ranar ta faɗo a kan iska da ruwan sama, to wace dabara za ka yi ka fita kamun kifi lafiya ko da teku ta rikice.

Toh bari in fara da abin da ba za ka so ji ba. Babu wata dabara da ke mai da ranar iska ta zama ranar fita. Na fi shekara goma ina wannan harka a gaɓar Gower ɗin nan kusa da kai, kuma ranakun da na ɗora kayak a kan mota, na tuƙa har bakin ruwa, na tsaya na sha shayina na juyo gida ba tare da na sauke shi ba, wallahi ba su ƙirguwa. Amma na san wannan kaɗai ba amsa ba ce, don teku takan canza fuska kana ciki, ka fita tana lumui kafin azahar ta murtuke. Don haka zan faɗa maka yadda ake gane ranar da ba ta fita ba ce, da kuma abin yi in ta ritsa da kai a ciki.

Maganar iya iyo ɗin nan ita ce ta fi tsorata ni a saƙonka, ba wai raina ka na yi ba, na san mutanen Yauri da ruwa. Matsalar ita ce ruwan da muke kukan sanyinsa da hunturu a gida, a nan ruwan wanka ne mai ɗumi. Tekun Birtaniya a Fabrairu da Maris takan sauko ƙasa da digiri 10, ko a ƙarshen Agusta da ta fi ɗumi da kyar take haura 17 ko 18, su kuma masu ceto a teku na ƙungiyar RNLI duk ruwan da ke ƙasa da digiri 15 ruwan sanyi suke kiran sa mai iya kisa. Abin da ke faruwa shi ne da ka faɗa ciki jikinka zai ja numfashi da ƙarfi ba da izininka ba, kamar an watsa maka ruwan randa da asuba amma ninki goma, in kanka na ƙarƙashin ruwa a wannan lokacin to ruwan ka shaƙa, shi ke nan. Daga nan sai haki, zuciya na bugawa fat fat, ba ka iya riƙe numfashi ko na sakan kaɗan. Wannan ba ruwansa da gwaninta, Basarke da ɗan birni duk ɗaya ne a wurinsa. Akwai wani farfesa a Jami'ar Manitoba ta Kanada, Gordon Giesbrecht, da ya taƙaita abin da 1-10-1: minti 1 na farko ka shawo kan numfashinka, wajen minti 10 kake da su kafin hannu da ƙafa su daina jin maganarka, sannan kusan awa 1 kafin sanyi ya sumar da kai, shi ma in akwai abin da ke riƙe da kai a saman ruwa. Ka lura da na tsakiyan nan. Mutane da yawa ba sanyi ne ke kashe su kai tsaye ba, hannuwa ne ke sandarewa su kasa riƙe komai sai su nitse.

Ni ta faru da ni a wani watan Afrilu, rana ta fito tarwai har na cire hula, na jefa anga, ƙarfen da ke tsayar da jirgi wuri ɗaya, a kusa da hancin dutsen Oxwich ina jiran kifi. Juyawa kawai na yi baya zan ɗauko wata ƙugiya a cikin kwando, kaina ya leƙa gefe, daidai lokacin wata taguwa da ba ta kai gwiwa ba ta bugo ta haƙarƙarin jirgin. Ban ma san na kife ba sai da na ji gishiri a hanci. Ina sanye da rigar da ruwa ba ya shiga, amma fuska da hannu kaɗai da suka taɓa ruwan sai da na yi ta haki kamar wanda kare ya biyo, zaren fatsa ya naɗe mini ƙafar hagu, ƙugiya ɗaya ta maƙale a hannun riga, ga fulas ɗin shayina ina kallo yana tafiya abinsa. Sai a yunƙuri na uku na hau, kuma da na zauna yatsuna sun kasa buɗe zif ɗin aljihu. Wannan fa ranar da teku ke kwance ce.

Shi ya sa ake cewa ka sa kaya don ruwan, ba don ranar da kake gani a sama ba. Daga kaka har farkon bazara rigar da ba ta shan ruwa ce, wadda suke kira dirai sut, mai roba a wuya da wuyan hannu, da kayan ulu ko na roba masu riƙe ɗumi a ciki, kuma ka duba zif ɗin ya rufe har ƙarshe kafin ka shiga. In kuɗi bai kai ba ka fara da wet sut mai kauri, rigar robar nan mai manne wa jiki da ke riƙe ɗumi ko ta jiƙe, ka tsaya a watannin zafi. Jins da rigar auduga ka bar su a mota, sun jiƙe sun zama kaya. Dogon wandon roban nan mai haɗe da takalmi da masu kamun kifi a bakin gaɓa ke sawa, kada ka kuskura ka hau kayak da shi, in ya cika da ruwa ba ka iya ɗago ƙafafunka ka koma sama. Sai laif jaket, a jikinka, a ɗaure tamau, ba a bayan kujera ba. Irin ta kumfa ta masu kayak ita muka fi sawa don ba ta hana tuƙi, amma ka sani ba ta juyo da fuskar wanda ya suma sama, taimako take yi wa mai hankali a jikinsa. Kuma kar ka cika aljihunan gabanta da tarkace, su ne ke maƙalewa a gefen jirgi lokacin da kake son hawa.

Yanzu iska. Kayak na kamun kifi mai faɗi ne mai nauyi, kilo 30 ko fiye kafin ka loda kaya, in ka dage da tuƙi mil 3 a awa kake yi ko ɗan sama da haka, kuma kai kanka da kwandonka da sandunan fatsa a tsaye duk kun zama tamkar tabarmar da aka baza wa iska. A ma'aunin Beaufort da hasashen teku ke amfani da shi, mataki na 3 mil 8 zuwa 12 ne a awa, nan za ka fara ganin farin kumfa jefi-jefi a kan taguwa. Mataki na 4 mil 13 zuwa 18, kumfa ya yawaita. Na 5 mil 19 zuwa 24. Hukumar hasashen yanayi ta Met Office ba ta sa gargaɗin iska mai ƙarfi a hasashen ruwan gaɓa sai an kai mataki na 6, to kada ka ce ai ba gargaɗi, wannan gargaɗin don masu jirgin inji da na yadi ne, mu tun a na 4 aiki ya ɓaci. A shekararka ta farko ni dai shawarata kar ka fita in iska ta wuce mil 10 a awa. Kuma ba lambar matsakaicin iska za ka kalla ba, ka kalli lambar bugun da take yi lokaci-lokaci, ita ce ke kifar da mutum. Yankinmu a hasashen shi ne wanda ya taso daga Lands End zuwa St Davids Head har da Bristol Channel, ka karanta shi da daddare ka sake karantawa da safe, ka haɗa da wata manhaja irin Windy ko XCWeather, in suka saɓa ka ɗauki wanda ya fi muni. Ka duba har awa uku ko huɗu bayan lokacin da kake niyyar fitowa, don sau da yawa iskar da aka ce ƙarfe huɗu tana sallama tun ƙarfe biyu.

Amma ƙarfin iska rabin magana ne, daga ina take busowa shi ne sauran. Wadda ta fi yaudara ita ce mai tasowa daga tudu tana shiga teku. Ka tsaya a bakin gaɓa ka ga ruwa sumul kamar faranti, saboda duwatsu da bishiyoyi sun tare, ka shiga tana tura ka ta baya kana jin daɗi kana cewa yau tuƙi ba wuya, sai ka yi rabin mil ka juyo ka tarar da ita a fuska, kana tuƙi gaɓa na ƙara nisa. Kudancin Gower kudu yake kallo, kaga ke nan iskar arewa ita ce wannan munafukar. Oxwich da kowa ke so saboda hancin dutsen ya kare shi daga iskar yamma, shi ma haka ne, cikin lungun lafiya lau, kana leƙa bayan hancin wata duniya ce daban.

Sai abin da babu shi sam a kogin gida, wato cika da janyewar teku, kuma ka faɗo inda abin ya fi ƙarfi a duniya in ka cire wurare ƙalilan irin Bay of Fundy na Kanada. A can cikin Bristol Channel wajen Avonmouth bambancin cika da janyewa yakan kai mita 14, a Swansea ma yakan haura mita 8. Duk wannan ruwan cikin awa shida yake shiga, cikin shida ya fita, kuma ba daidai yake rabawa ba: in ka kasa shi 12, awar farko kashi 1, ta biyu 2, ta uku da ta huɗu 3 kowacce, sannan 2, sannan 1. Ke nan rabin ruwan a awa biyun tsakiya yake wucewa, a wajen hancin duwatsu irin Mumbles Head da Oxwich Point da Worm's Head gudunsa kan kai ko ya fi gudun tuƙinka. Ga wani sauƙi da mu muke da shi wanda Turawan sai sun buɗe waya: lissafin watan Musulunci. Babbar cika tana zuwa ne a tsayuwar wata da kuma kwana ɗaya biyu bayan wata ya cika, wato farkon wata da wajen 15 zuwa 17. Ƙaramar cika kuwa wajen 8 da wajen 23 ga wata, ranakun ne ruwa ke tafiya a hankali, su za ka nema in kana da halin musayar ranar hutu da abokin aiki. Duk da haka ka duba jadawalin ranar, lissafin wata hanya kawai yake nuna maka.

Inda ake shiga uku shi ne iska da ruwa su yi karo. In teku na janyewa a nan yamma ruwan ke nufa, iskar da ta fi yawa a ƙasar nan kuma daga kudu maso yamma take zuwa, to sai su haɗu goshi da goshi, taguwa ta miƙe tsaye gajeru-gajeru kusa da juna kamar kunyoyin gona. Iskar mil 12 da ka fita da ita lafiya ruwa na shigowa, ita ɗin dai ba ta ƙaru ba, ruwa na juyawa sai wurin ya zama tafasasshiyar tukunya. Akwai kuma doguwar taguwar da ke tasowa daga can Atlantika ko babu iska ko kaɗan. A manhaja za ka ga tsayinta da kuma sakan nawa ke tsakanin ɗaya da ɗaya, mita 1 mai sakan 13 ta fi mita 1 mai sakan 6 ƙarfi nesa ba kusa ba, a tsakiyar ruwa ɗaga ka kawai take ta sauke, amma a kan dutsen da ke ɓoye ko a bakin yashi sai ta tashi ta fashe. Ka zauna minti 15 kana kallo kafin ka shiga, manyan a jere suke zuwa bayan an ɗan yi shiru.

Anga kuwa ka ajiye ta tukuna. Ita ce ta fi kifar da masu kamun kifi a ruwa mai gudu, don in igiyar ta ja ta gefe ruwa zai danne haƙarƙarin jirgin cikin ƙiftawar ido. Dole igiya ta fita ta hanci ko ta wutsiya, da wata igiyar zagaye da ake jan ta gaba da baya, da ƙullin da ja ɗaya ke kwance shi da balan-balan a jiki don ka dawo ka ɗauka. Sai wani ya koya maka hannu da hannu a ruwa mara zurfi. Kuma wuƙa ko abin yanka igiya ya kasance a ƙirjinka inda kowane hannu zai kai.

To a ce duk ka yi wannan amma ta ritsa da kai. Da ka ga kumfa ya fara yawa ko gajimare ya yi baƙi ta yamma ko iska ta canza gefe, naɗe fatsa, in ta maƙale yanke zaren, kar ka ce bari in ƙara jifa ɗaya, wannan jifa ɗayan ne wankin hular da ke kai mutum dare. Kwantar da sandunan ka ɗaure, sandar kabon a tsaye in ana walƙiya ma wani bala'in ne. Rufe duk murafu, don ruwa in ya shiga cikin cikin jirgin yana kai da komo to ba sauran daidaito. Ka fuskanci taguwa da hanci ko ka ɗan karkata kaɗan, kar ka ba ta gefe. Saki ƙugunka jirgin ya yi rawarsa a ƙarƙashinka, kai dai kanka ya tsaya a tsakiya, inda kai ya leƙa nan jiki ke bi. Kada ka daina tuƙi, filafili a cikin ruwa shi ne ƙafarka ta uku, gajeren bugu da sauri ya fi dogo. In dole ka tsaya ka yi wani abu, sauke ƙafafu ɗaya ta nan ɗaya ta can kamar ka hau jaki. Taguwar da ke biyo ka ta baya ta fi ta gaba haɗari ko da yake ta fi daɗi, takan ɗaga wutsiya ta juya ka gefe. Sannan ka cire wa ranka cewa sai ka koma inda ka ajiye mota, duk yashin da iska ta fi sauƙin kai ka nan ne gida, ka fita ka kira tasi. Wajen fita ta cikin taguwar da ke fashewa ka kwance duk igiyoyin da ka ɗaure kaya da su kar su naɗe ka, kuma in ka sauka kar ka tsaya tsakanin jirgin da gaɓa, ruwa zai ɗauko shi ya maka maka a ƙwauri.

In ka kife, abu na farko hannunka a kan jirgin. Iska na tafiya da kayak mara kowa fiye da gudun iyon kowane mahaluki, kuma daga sama ko daga nesa jirgi mai launi ake hangowa, kan mutum ɗan ɗigo ne. Riƙe, jira numfashi ya dawo, minti ɗaya ne ko ɗaya da rabi. Sannan ka miƙa ta kan cikinsa ka kamo mariƙin can gefen ka jawo ya birkice. Bar ƙafafunka su taso saman ruwa ta baya kamar mai iyo, buga su da ƙarfi ka ja cikinka ya hau kan kujera, juya ka zauna, sannan ka shigo da ƙafafu. A rubuce abin kamar wasa. Ba a fafe gora ranar tafiya, sai ka yi shi sau ashirin a ruwa iya wuya, da duk kayan da za ka fita da su, har ka iya shi a gajiye. In ba ka iya ba tukuna, to ba ka da abin yi a inda ƙafarka ba ta taɓa ƙasa. Kar kuma ka saki jirgi ka ce za ka yi iyo zuwa gaɓa, a kan ruwa nisa ƙarya yake yi wa ido.

Kayan kiran agaji a jikinka suke zama, in suna cikin jirgi jirgin ya tafi to ba ka da su. Waya a jakar roba mai igiya, ka kira 999 ka ce Coastguard, wato masu tsaron gaɓar teku. Sai dai ƙarƙashin duwatsun Gower sabis na ɗaukewa, kuma jiƙaƙƙen yatsa mai sanyi gilashin waya ba ya jin sa. Shi ya sa muke riƙe oba-oba ta teku, VHF, tasha ta 16 ita ce ta neman agaji, kuma duk jirgin da ke kusa zai ji ka. Lasisinta kyauta ne a shafin Ofcom, hukumar sadarwa ta ƙasar nan, akwai kuma kwas na kwana ɗaya na RYA, ƙungiyar masu harkar jiragen ruwa, da ake yi don a iya aiki da ita. In da hali ka ƙara da ƴar na'urar nan PLB, girmanta bai fi ƙaramar waya ba, ka ja eriya ka danna ta aika inda kake ta tauraron ɗan'adam, amma ka yi mata rajista da sunanka. Usur da tocila ba su da tsada. Rubuta sunanka da lambarka a jikin jirgin. Ka gaya wa mutum ɗaya a gida inda za ka shiga da ƙarfe nawa za ka fito da ƙarfe nawa zai kira 999 in bai ji ka ba, ba irin sallamar mu ta "na ɗan fita" ba. Kuma kar ka fita kai kaɗai, akwai ƙungiyoyin masu kayak a kudancin Wales, yawancinsu dattawa ne masu son a tambaye su.

Wani abu da na lura da shi a wurin mutanenmu: jin nauyin kira. Wani kunya, wani tsoron a kawo masa takardar biyan kuɗi. Ba a biyan ko kwabo. RNLI ƙungiyar agaji ce tun 1824, da gudummawar jama'a take aiki, yawancin masu fita ƴan sa kai ne, kuma sun fi son ka kira da wuri kana kan jirginka da rana a kan su fito neman ka da dare. Amma ka tuna su ma masu iyali ne. A watan Afrilun 1947 jirgin ceto na Mumbles, nan bakin hancinka, ya fita cikin guguwa don ya ceci wani jirgin kaya mai suna Samtampa, duka mutum 8 da ke cikinsa ba wanda ya dawo, haka mutum 39 na Samtampa ɗin.

Da azumi ni ba na fita, yunwa da ƙishi suna ƙara sanyi da jiri, kuma amai a kan kayak kai na leƙawa gefe ne, ka san sauran.

Ranar hutun da ta zo da iska ba ta lalace ba, ɗauki sanda ka je ka yi jifa daga tudu a inda ke da kariya, kana yi kana kallon yadda ruwa ke juyawa a hancin Mumbles, karatu ne babba. Ka turo mini hoton kayak ɗin ta sama da ta ƙasa in gani, don in irin wanda ake zura ƙafafu a ciki ne ko na hurawa da famfo to maganar ta canza gaba ɗaya, wanda ake zama a kansa mai ramukan zubar da ruwa shi muke so. Ka duba ramukan nan da kyau ko akwai tsaga, na hannu nan suke fara fashewa, sannan ka tabbata toshiyar magudanar bayansa na nan. In ya yi, mu nemi ranar ƙaramar cika a Yuli mu haɗu a Oxwich, ba fatsa ba ƙugiya, kifewa kawai za mu yi ta yi har ka gaji. Ka taho da tawul biyu da kayan canji, shayi ni zan kawo.